Madanni ɗaya, mako tara: kundin aikina a kan firelud na 15 na Chopin

Asabar, 14 ga Yuni 2025

Yau bayan darasi Baba, malamin da ke koya mini fiyano, ya miƙo mini takarda shafi huɗu, ya ce, "Ga abin da za ka kaɗa mana ranar 16 ga Agusta." Ranar ce ya tsayar ɗalibansa su taru a falonsa, kowa ya kaɗa abu ɗaya a gaban iyali da abokai. Shekara uku ke nan ina zuwa wurinsa duk Asabar, ban taɓa kaɗa fiyano a gaban wanda ba shi ba ko mutanen gidanmu.

Abin da ya zaɓar mini shi ne na 15 cikin firelud 24, wato gajerun kiɗe-kiɗen fiyano, da mai tsara kiɗa Frédéric Chopin ya haɗa wuri ɗaya a ƙarƙashin lamba ta 28 ta ayyukansa, aka buga su a 1839. Shi ya fi sauran ɗaukar lokaci, yana da gaɓa 89, wato ƙananan gidajen nan da ake yanka rubutun kiɗa a cikinsu, kowace gaɓa bugu huɗu. Kalma ɗaya tal Chopin ya rubuta a sama da Italiyanci, sostenuto, ma'ana a riƙe sautin, kada a sake shi ya faɗi. Farkonsa waƙa ce mai taushi a tsarin sautin da ake kira D filat mejo. A gaɓa ta 28 sai ya nutse cikin C shaf maino, duhu ya rufe, har zuwa gaɓa ta 76 inda waƙar farko ke dawowa a taƙaice. A ƙarƙashin duk wannan akwai baƙin madanni guda da ake ta bugawa, kusan sau takwas a kowace gaɓa. A kashin farko ana rubuta shi A filat, a na tsakiya G shaf, amma madannin ɗaya ne, yatsa bai matsa ko'ina ba.

Na ce, "Baba, ai wannan ba shi da gudu, ina ganin zan iya." Bai ce mini komai ba sai, "To, Allah ya taimaka. Je ka fara."

Kuɗin yau: darasi ₦5,000, ƙarin kwafin takarda wanda zan riƙa zane a kai ₦400.

Litinin, 16 ga Yuni

Minti 40 bayan isha'i. Hannun dama kaɗai, gaɓa 1 zuwa 8. Na sa wa kowace gaɓa lamba da fensir.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ado mai sauti bakwai da ke ƙarshen gaɓa ta 4 ya tsaya mini. Sauti bakwai ne za su shiga cikin bugu ɗaya, alhali hagu na buga biyu, bakwai kuwa ba ta rabuwa biyu. Na yi ta lissafi a kan inda na huɗu zai faɗa, na kaɗa ya fito a daddatse kamar ana ƙirga kuɗi. Daga baya na bar lissafin, na rera shi da baki sau goma, sannan na bar yatsu su bi bakin. Ya ɗan yi dama.

Asabar, 21 ga Yuni

Na kaɗa wa Baba shafin farko da hannu biyu, ina jin na yi ƙoƙari. Ko gaɓa ta 6 ban kai ba ya ɗora hannu a kafaɗata. Ya ce, "Ɗana, wa ke waƙa a nan, wa ke rakiya?" Na ce dama ke waƙa. Ya ce, "To ni babban yatsanka na hagu kaɗai nake ji."

Ya ɗauki wayata ya naɗi gaɓa takwas, ya kunna mini. Gwiwata ta yi sanyi. A filat ɗin nan yana ta sara, tak, tak, tak, kamar ana kafa ƙusa, waƙar kuwa tana can baya tana neman hanya. Ina kaɗawa ban ji haka ba ko kaɗan, domin kunnena yana jin abin da nake so ne, ba abin da ke fita ba.

Maganin da ya ba ni: kada yatsa ya rabu da madannin. Ya zauna a kansa, ya bi shi sama, ya bi shi ƙasa, kamar mai jijjiga jariri a baya. Hannun dama kuma ya saki nauyinsa tun daga kafaɗa cikin kowane sautin waƙa. Sai ya sa ni wani atisaye: in kaɗa dama da ƙarfi sosai, hagu kuma in taɓa madannan kawai ba tare da sun yi ƙara ba. Da farko hannuwan suka ƙi rabuwa, duk abin da ɗaya ya yi sai ɗayan ya kwaikwaya. Mun ci minti 25 a gaɓa huɗu.

Da zan tafi ya ce abin da ke da wuya a wannan kiɗa ba yawan sauti ba ne, sauti ɗaya ne da za ka buga sau ɗaruruwa, kowanne a raye, ba wanda ya fi ɗan'uwansa sai da dalili.

Laraba, 25 ga Yuni

Atisayen Baba, rabin awa kullum tun Lahadi. An ɗauke wuta jiya da yau, fiyanona kuwa ta lantarki ce, sai da na tada janareta. Fetur ₦3,000.

Asabar, 28 ga Yuni

Baba ya yi tafiya, babu darasi. Da la'asar aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙarar kwano ta hana ni jin abin da nake kaɗawa, sai na rufe fiyano na koma karatu a kan inda kiɗan nan ya fito.

A watan Nuwamban 1838 Chopin ya sauka a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen tare da marubuciyar Faransa George Sand da 'ya'yanta biyu. Sun je neman ɗumi ne saboda lafiya, sai suka tarar da damina da sanyi. Tarinsa ya tsananta, mutanen gari suka tsorata da tarin fuka, mai gidan da suke haya ya tashe su. A tsakiyar Disamba suka koma wani tsohon gidan sufayen Kirista da aka bari a Valldemossa, can cikin duwatsu. Fiyanon da maƙerin fiyano Camille Pleyel ya aiko masa daga Faris ta maƙale a kwastan, ba ta iso hannunsa ba sai a Janairun 1839, a cikin watan kuma ya kammala firelud ɗin ya aika su Faris. A Fabrairu suka bar tsibirin, jikinsa ya fi yadda ya zo lalacewa. Yana da shekara 28 a lokacin.

Mutane na kiran wannan firelud da sunan ɗigon ruwa, kuma ba Chopin ya raɗa masa ba. Asalin zancen daga George Sand ne. Ta ba da labarin wani dare da ruwa ya tsare ta ita da ɗanta a hanyar dawowa daga Palma, babban birnin tsibirin, suka iso a makare suka same shi a kan fiyano cikin firgici, ya riga ya ɗauka sun mutu. Da ta ce masa kiɗan ya yi kama da ruwan da ke ɗiga a rufin, sai ransa ya ɓaci, ya ƙi yarda cewa kwaikwayon ƙarar ruwa yake yi. Ba ta ma faɗi wanne daga cikin 24 ɗin yake kaɗawa ba.

Wannan ɓacin ran nasa ya tsaya mini a rai. Mako biyu ke nan ina buga madannin nan ina hango ruwa na ɗiga daga indararo, shi ya sa nake tsinke kowane bugu daban, tak, tak. Ruwa ba ruwansa da kowa, zuba kawai yake. Abin da ke cikin takardar nan kuwa ya fi kama da bugun zuciyar mutumin da ke zaune yana jiran waɗanda bai san ko za su dawo ba. Da waƙa na sama ba ka lura da shi. Da waƙar ta ɗauke, shi kaɗai ka ke ji. Na goge kalmar "ruwa" da na rubuta a saman shafin farko.

Laraba, 2 ga Yuli

Matsala. Tun Litinin na shiga kashin tsakiya, inda madannin ya koma hannun dama, hagu kuma na tafiya da dunƙulallun sautuka can ƙasa. Chopin ya rubuta sotto voce, wato da murya ƙasa-ƙasa, daga nan a yi ta hawa har a fashe da ƙarfi a gaɓa ta 40. Kafin a kai can, G shaf ɗin ya zama biyu, babban yatsa da ƙarami suna bugawa tare a tazarar oktaf, wato sauti ɗaya a ƙasa da takwaransa na sama. Wurin ya yi mini daɗi ƙwarai, na yi ta maimaita shi kusan awa biyu a jere daren jiya da iyafis a kunne, ban huta ba.

Da asuba na tashi tsintsiyar hannuna ta dama na zafi, zafin na bin bayan hannu har gwiwar hannu. Ko buta na ɗaga sai na ji shi. A wurin aiki riƙe alli ma ya zame mini wahala. Na san abin da na yi: don in hana sautin yin ƙara sai na ƙanƙame hannu, na sandare tsintsiya, ina danna oktaf da tsokar hannu maimakon nauyinsa. Iyafis ɗin ma ya taimaka wajen ɓarnar, na rage ƙararsa saboda dare, don haka da na zo wurin ƙarfi sai na yi ta dukan madannai ina neman amon da na'urar ba za ta bayar ba.

Na rufe fiyano. Man shafawa da bandeji ₦2,200.

Asabar, 5 ga Yuli

Na je wurin Baba da bandeji. Bai yi faɗa ba, amma ya ce ko madanni ɗaya ba zan taɓa da dama ba sai zafin ya tafi sarai, in kuma ya wuce mako yana nan in tafi asibiti. Ya karɓi hannuna ya ɗora yatsun a kan E, F shaf, G shaf, A shaf da B: dogayen yatsu uku a kan baƙaƙen madannai, gajeru biyu a kan farare. Ya ce da wannan zaman hannu Chopin ke fara koya wa ɗalibansa, kuma sikelin B mejo, wato jerin sautukansa daga ƙasa zuwa sama, yake fara ba su kafin na C, domin shi ya dace da yadda Allah ya halicci hannu. Abin da ya fi nanata musu shi ne laushi. Ya ce in ji yadda hannun ya zauna ba tare da na riƙe shi ba, in nemi wannan zaman a cikin oktaf.

Sauran darasin hagu kaɗai muka yi. Ashe a gaɓa ta 28 zuwa 39 waƙar tana hagu ne, muryoyi biyu na tafiya tare kamar maza na rera wani abu a ɗaki mai nisa. Ban taɓa sauraronsu ba saboda hankalina na kan dama.

Alhamis, 10 ga Yuli

Zafi ya tafi tun Talata, alhamdu lillahi. Na dawo da dama, minti goma-goma sau uku, ina saita agogo. Ba iyafis.

Asabar, 12 ga Yuli

Darasin yau a kan rubato ne, wato ɗan jinkiri da ɗan hanzarin da mai kaɗawa ke sakawa don kiɗa ya yi numfashi. Kiɗan zamanin su Chopin da Schumann da Liszt ba ya rayuwa sai da shi, kuma a nan ne aka fi ɓata shi. Ni dai abin da nake yi shi ne duk inda ya yi mini daɗi sai in ja birki da hannu biyu. Baba ya ƙirga mini: sau tara na tsaya a shafin farko kaɗai. Ya ce, "In ka tsaya a kowace ƙofa, yaushe za ka isa gida?"

Ya ce ɗaliban Chopin sun bar bayani a kan yadda yake so: hagu ya riƙe lokaci kamar mai jagorantar makaɗa, dama kuma ta sami 'yancin yin gaba kaɗan ko baya kaɗan, su haɗu a gaba. Ɗalibinsa Karol Mikuli ya shaida cewa metronom, na'urar da ke ƙirga bugun lokaci, ba ya barin kan fiyanonsa. Yakan kuma tura ɗalibai su je su saurari mawaƙan opera na Italiya, su ga inda suke shan numfashi, shi kansa yana matuƙar son waƙoƙin Bellini.

Na ce wannan ai raba ƙwaƙwalwa biyu ne. Ya ce, "Ba ka taɓa tsayawa wurin makaɗan fada ba? Kiɗa na tafiya ba ya jiran kowa, mawaƙi ya ja baiti ya makara, ya zo ya kamo, amshi kuma ya faɗa daidai wurinsa. Kunnenka ya san abin nan tun kana yaro." Nan take na gane. Madannin nan da nake ta fama da shi, shi ne makaɗin. In ya yi rawa, waƙar ba ta da abin jingina, jinkirinta ma ba za a gane jinkiri ne ba.

Aikin mako: kwana uku da metronom ba sassauci, sannan in kashe shi in zaɓi wuri uku kacal da zan ja numfashi a shafin farko.

Talata, 15 ga Yuli

Feda, abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe, ta mutu. Wata 'yar ƙaramar roba ce mai kusurwa huɗu da ta zo tare da fiyanon, wayarta ta tsinke daga ciki. Na kai wa mai gyaran rediyo ya ɗinke ta da dalma a ₦1,000, ta yi aiki awa ɗaya ta sake ɗaukewa. Na sa a kawo mini sabuwa mai harshen ƙarfe irin na fiyanon katako, ₦21,000 da kuɗin mota. Ya taɓa kasafin watan nan sosai.

Kwanakin jira ina kaɗawa ba feda, abin ya tona mini asiri. Wurare da yawa a waƙar ashe yatsuna ba sa haɗa sauti da sauti, feda ce ke rufe ramin. Na canja yatsu a wuri biyar.

Lahadi, 20 ga Yuli

Feda ta iso jiya. Yau na zauna sauraron manyan makaɗan fiyano, takarda a cinya: Alfred Cortot, wanda ya naɗi firelud ɗin tun 1926, da Maurizio Pollini da Martha Argerich, waɗanda suka ci gasar Chopin ta Warsaw a 1960 da 1965, sai Ivo Pogorelich. Argerich tana tafiya da shi ba tsayawa, kashin tsakiyarta kamar hadari ya taso. Pogorelich ya ja shi ainun, har kowane bugu ya zama abu mai zaman kansa. Pollini ya bar komai a fili, ba ƙari ba ragi. Na Cortot akwai shashshakar tsohon faifai, hannuwansa ma ba kullum suke faɗa tare ba, amma waƙarsa tamkar mutum na yi maka magana.

Zuciyata ta fi karkata ga masu tafiya. Jan nan mai tsawo yana buƙatar fiyanon da sautinta ke daɗewa a iska da kuma hannun da zai iya riƙe shi, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. A gaɓa ta 2 akwai sautin waƙa mai tsawon bugu uku. In na yi jinkiri da yawa yakan mutu kafin na gaba ya zo, layin ya tsinke. Na auna kaina: minti shida da rabi. Ina so in dawo wajen biyar da rabi.

Ba zan ƙara sauraron kowa ba har ranar taro. Na lura da yamma na fara satar wani jinkiri na Cortot wanda ban san dalilinsa ba.

Asabar, 26 ga Yuli

Mummunar rana. Mun saba yin darasi a kan ta lantarkin da ke ɗakin karatun Baba, yau ya ce mu koma falo kan tsohuwar fiyanon katako mai tsaye, tunda a kanta za a yi taro. Na fara lafiya. A gaɓa ta 3 A filat ya yi shiru. Na buga, ba sauti. Na sake, ya fito. Cikin bugu takwas sai biyar ko shida ke magana. Duk madannai 88 da ke jikinta, wanda kiɗan ya rataya a kansa shi ne ya ƙi.

Dalili biyu ne, in ji Baba. Na farko damina: katako da ƙyallen da ke cikin ramin madanni sun sha danshi sun kumbura, madannin na dawowa sama a hankali. Na biyu ni ne. A fiyano mai tsaye, sai madanni ya dawo kusan ƙarshen samansa kafin gudumar ciki ta sake shirin bugu. Babbar fiyano mai kwance tana da wata dabara da Sébastien Érard ya yi wa rajista a 1821, wadda ke barin a maimaita sauti tun madanni na rabin hanya. Ta lantarkina ma tana yafe wannan. Wata guda na yi ina koya wa yatsana ya zauna can ƙasa cikin madanni, yanzu ga fiyanon da ba ta yarda da haka.

Sai feda. A kashin tsakiya na taka ta yadda na saba, ƙasan fiyanon ya rikiɗe ya zama gurnani, ba ka bambance sauti da sauti. Wayoyi na gaske suna kama amon juna, abin da lasifika ba ta yi. Baba ya ce fiyanon zamanin Chopin sautinta ya fi na yanzu siranta kuma ya fi saurin mutuwa, don haka alamun feda da ke takarda ba a bin su ido rufe, da kunne ake taka feda. Ya nuna mini: ka buga sabon sauti, a daidai lokacin ka ɗaga ƙafa, sannan ka mayar bayan ya fito. A ƙasa-ƙasan nan kuma rabin taku ya isa.

Na ce ko dai a fito da ta lantarki ranar taro. Ya ce a'a. Ya ce wadda Pleyel ya aika Mayorka ma ƙarama ce mai tsaye, a kan irinta aka kammala kiɗan. Na dawo gida raina a jagule, ban taɓa fiyano ba.

Laraba, 30 ga Yuli

Mai gyara ya zo gidan Baba, na nemi izini a wurin aiki na je. Ya cire allon gaba, ya zaro madannin, ya matse ƙyallen ramin da wata 'yar filaya, ya mayar, ya gwada, ya sake zarowa, har sau uku. Haka ya bi wasu guda shida. Sannan ya saita wayoyi, sama da 200, awa biyu da rabi yana bugu yana karkata kunne. Ya ce a janye ta daga jikin bango, a riƙa rufe taga in hadari ya haɗu. ₦35,000, mu ɗalibai bakwai muka raba, nawa ₦5,000.

Baba ya yarda in riƙa zuwa Talata da Alhamis bayan la'asar in yi minti 30 a kanta. Kuɗin Keke zuwa da dawowa ₦1,200 kowace rana.

Asabar, 2 ga Agusta

Karon farko ba takarda. Na faɗa ramin da ban san da shi ba. Gaɓa ta 28 zuwa 43 suna dawowa kusan sak a 44 zuwa 59, sai a ta 60 hanya ta rabu. Da na kai ƙarshen zagaye na biyu, hannuna ya koma farkon zagayen, na yi na uku, na kama hanyar na huɗu. Ina ji ina gani na kasa fita, gumi ya karyo mini. Baba ya bar ni sai da na tsaya da kaina.

Ya ce hannu ne ya haddace, kai bai haddace ba. Ya sa na faɗa da baki abin da ya bambanta gaɓa ta 43 da ta 59, na kasa. Aikin mako: in iya farawa daga 28, 40, 44, 56, 60 da 76 duk lokacin da aka kira lamba, in kuma zauna ba fiyano in bi kiɗan a zuci daga farko har ƙarshe. Ya kuma ce zagaye na biyu kada ya zama kwafin na farko. Wanda ya riga ya san abin da ke zuwa ba ya tsorata iri ɗaya. Na yanke in fara na biyun ƙasa da na farko, in ajiye mafi girman ƙarfina sai gaɓa ta 56.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na rubuta lambobin a 'yan takardu, ƙanwata na zaro ɗaya tana kira. Ta 60 ce kaɗai ke ba ni wuya har yanzu. A filat bai ɗauke ba ko sau ɗaya a gidan Baba yau.

Asabar, 9 ga Agusta

Shafin ƙarshe. Waƙar farko ta dawo, ba ta yi nisa ba sai ta katse, kuma a nan ne madannin nan ke yin shiru. Hannun dama ya rage shi kaɗai a kan B filat can sama, da ƙarfi, ya gangaro a hankali ba mai raka shi. Ina ta ruga wurin saboda shirun na ba ni tsoro. Baba ya ce, "Minti biyar ka yi kana sa mutane su saba da bugun nan. Ka bar su su ji rashinsa." Muka yi shi sau shida. A na ƙarshe tsigar jikina ta tashi, da bugun ya dawo a hankali sai na ji kamar wanda aka riƙe wa numfashi aka sake shi.

Gwaji biyu cikakku: minti 5 da daƙiƙa 50, sai 5 da 40.

Asabar, 16 ga Agusta

Mutum 23 a falo, wasu a kan tabarma. Ni ne na biyar. Kafin a fara Baba ya gaya wa jama'a cewa Chopin bai yi wasa a manyan zauruka ba sai kamar sau 30 duk rayuwarsa, har ana kukan ba a jin sa sosai saboda taushin hannunsa, ya fi son ɗaki irin wannan da mutane kaɗan. Maganar ta kwantar mini da hankali.

Ƙafata ta dama ta yi ta rawa a kan feda a gaɓoɓin farko, na dafe diddige a ƙasa ta lafa. Na fara da sauri fiye da yadda na shirya, ado mai bakwai na farko ya fito a dunƙule. Daga gaɓa ta 9 na fara jin hagu, na jingina da shi. Kashin tsakiya ya tafi yadda nake so, na farko a tsare, na biyu na saki nauyi duka a 56, fiyanon ta amsa har gilashin taga ya yi ƙara. A 59 hannuna ya so komawa baya, na ji shi sarai, amma na riga na san sautin da ke buɗe ta 60, na kama shi. A 66 ko 67 na taɓa madannin da ba shi ba a muryar ciki, na wuce.

Da na zo wurin shirun ban ruga ba. Falon ya yi tsit, ina jin fanka na juyawa. Bayan sautin ƙarshe na bar hannu a kan madannai har amon ya mutu da kansa.

Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa zama ta saurari irin wannan kiɗa ba, ta ce mini a hanyar gida, "Wannan abu da ke ta bugawa a ƙasa, da ya tsaya sai da gabana ya faɗi." Baba kuwa ya ce farkon ya yi sauri, feda ta yi yawa daga 60 zuwa 70, sauran mu yi magana ranar Asabar.

Litinin, 18 ga Agusta

Na saurari abin da ƙanwata ta naɗa: minti 5 da daƙiƙa 20. Gaskiyar Baba ce game da fedar, muryar ciki ta nutse a wurin. A shafin farko kuma babban yatsan hagu ya ɗan dawo da saransa duk inda waƙa ta hau sama.

Jimillar kuɗi tun 14 ga Yuni: darasi tara ₦45,000, feda da gyaranta ₦22,000, rabona na gyaran fiyano ₦5,000, Keke ₦6,000, fetur da magani da takarda ₦5,600. Duka ₦83,600.

Abin da ke gaba: mako biyu a kan gaɓa ta 60 zuwa 75 ba feda, sannan da rabin feda. Zan roƙi Baba ya bar mini ranakun Talata a kan ta katako ko da zan ƙara wani abu. Ya ambaci firelud na 6 a B maino, inda waƙa ke hagu, dama kuma ke maimaita sauti, da kuma Träumerei na Robert Schumann, wanda aka rubuta a 1838. Na fi son in fara da na 6. Gobe zan buga takardarsa in sa wa gaɓoɓin lamba.